Na saka makullin SSH amma har yanzu sabar na neman kalmar sirri

Sabon_Shiga22:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman taimako. Sati biyu ke nan da na karɓi hayar wata ƙaramar sabar mai Ubuntu don in ɗora wani aikin da nake koyo da shi, kuma da kalmar sirri nake shiga ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa a rufe. Jiya na buɗe /var/log/auth.log, log ɗin da sabar ke rubuta duk ƙoƙarin shiga, don duba wani abu daban, sai na tarar da layuka ba iyaka na masu ƙoƙarin shiga da sunan root (babban asusu mai iko da komai), admin, test, daga adireshi iri-iri, ba dare ba rana. Hankalina ya tashi. Na karanta cewa makulli ya fi tsaro, sai na yi `ssh-keygen -t ed25519` a kwamfutata, na bi shi da `ssh-copy-id`, har ya ce min ya saka makulli ɗaya. Amma duk lokacin da zan shiga sai an sake tambayata kalmar sirri. Ina na kuskure? Tambaya ta biyu: da gaske makullin ya fi doguwar kalmar sirri, ko dai yayi ne kawai?

MalamTerminal:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, duba rubutun da ke fitowa lokacin da ake tambayar taka. In ka ga "Enter passphrase for key", to ba sabar ce ke tambaya ba, kwamfutarka ce take son buɗe makullin da ka kulle da kalma lokacin da ka ƙirƙire shi. In kuwa sunanka da adireshin sabar ne suka fito sannan "password", to an ƙi makullin ne. Mutane da yawa suna haɗa waɗannan biyun.

Sabon_Shiga22:
Na biyun ne Malam. Sunana da adireshin sabar ne ke fitowa.

Hauwa_Dev:
To yi `ssh -v sunanka@adireshi` ka karanta a hankali. Nemi layin da ya fara da "Offering public key". In babu shi, kwamfutarka ba ta ma miƙa makullin ba, ƙila ka ba shi wani suna na daban ne ba id_ed25519 ba, sai ka nuna shi da `-i`. In akwai layin amma aka wuce zuwa kalmar sirri, matsalar tana can ɓangaren sabar. Kuma dalilin ƙin ba zai fito a wurinka ba, da gangan sabar ba ta faɗa wa mai ƙwanƙwasa ƙofa abin da ya sa ta hana shi. A cikin auth.log ɗin da ka buɗe jiya take rubuta shi.

Bash_Bash:
Izinin fayil ne. Ni dai kusan duk wanda ya zo min da wannan kukan, a nan muke samun matsalar. `chmod 700 ~/.ssh` da `chmod 600 ~/.ssh/authorized_keys` a kan sabar, ka gwada.

Hauwa_Dev:
@Bash_Bash ai ssh-copy-id da kansa yake daidaita waɗannan biyun idan shi ya ƙirƙire su. Ni na fi zargin babbar foldar gidansa. Amma a bari ya karanta log tukuna, kada ya yi ta canje-canje a makance.

Dattijo_Unix:
Bari in ɗauki tambayarka ta biyu, tunda kowa ya rufa kan ta farko. Ba yayi ba ne ɗana. Ita SSH kanta saboda satar kalmar sirri aka yi ta. A 1995 wani mai bincike a jami'ar fasaha ta Helsinki a ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ya rubuta ta bayan an kama ana sauraren kalmomin sirrin mutane a layin jami'ar, lokacin da telnet da rlogin ke aika komai a fili. OpenSSH da kusan kowa ke amfani da ita yau mutanen OpenBSD ne suka fitar a 1999.

Ga bambancin. Idan ka shiga da kalmar sirri, duk tsawonta, sai ka miƙa ta ga sabar. Gaskiya ne a rufe take tafiya a hanya, amma a can ƙarshe sabar na ganin ta. In an riga an kutsa cikin sabar, ko an yaudare ka ka haɗu da ta bogi, kalmar ta tafi, kuma in kana amfani da ita a wani wurin, can ma an buɗe. Makulli kuwa gida biyu ne. Na fili, mai .pub a ƙarshen sunansa, kamar kwaɗo yake, kana iya rataya shi a ƙofa ɗari, kowa ya gani ba komai. Na sirri shi ne mabuɗin, kuma ba ya taɓa barin kwamfutarka. Abin da ake yi, kwamfutarka tana sa hannu da shi a kan wasu bayanai da suka keɓanta da wannan haɗuwar kaɗai, sabar ta duba da na fili ta tabbatar. Ko sabar bogi ce ta karɓi sa hannun, ba za ta iya kai shi wata ƙofar ta buɗe ba. Su kuma masu cankar da ka gani a log, abin da suke gwadawa jerin kalmomin da mutane suka saba sawa ne. Makullin ed25519 ba a cankarsa.

Abu_Sadiq_IT:
Baba Dattijo Allah Ya ƙara lafiya, bayanin ya fita. Sai dai ina da ja kaɗan. In mutum ya sa kalmar sirri mai haruffa talatin da manhaja ta haɗa masa, ya ajiye ta a ma'ajiyar kalmomi, ba ya amfani da ita a ko'ina sai wannan sabar, masu canka ba za su taɓa samun ta ba. Shi kuwa makulli fayil ne kwance a kwamfuta. Duk wanda ya kwafe shi ya gama da kai. Na ga masu aiki da yawa da makullinsu ba ko kalma a kai, yana cikin foldar da ke hawa ma'ajiyar intanet da kanta. Wannan ai ya fi kalmar sirri haɗari.

Dattijo_Unix:
Ban musa ba. Makulli tsirara a kwamfutar da kowa ke taɓawa sakaci ne. Shi ya sa ssh-keygen ke tambayarka kalmar da za ka kulle shi da ita. In ka sa, ɓarawo sai ya haɗa abu biyu, fayil ɗin da kalmar. Wanda ya tsallake wurin nan tun farko ba sai ya sake sabon makulli ba, `ssh-keygen -p` zai ɗora masa kalma a kan wanda yake da shi.

zee_codes:
To in zan riƙa rubuta kalma duk shiga, me na rage? Ni don in huta da rubutun na koma makulli.

MalamTerminal:
@zee_codes aikin ssh-agent ke nan. Ka buɗe makullin sau ɗaya da `ssh-add`, shi zai riƙe shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta har ka fita. Ko ka sa `AddKeysToAgent yes` a ~/.ssh/config, karon farko kawai za a tambaye ka. Ni ina sa masa wa'adi, `ssh-add -t 8h`, da an tashi aiki ya manta.

Sabon_Shiga22:
Na dawo. Anti Hauwa kin yi gaskiya. Akwai layin "Offering public key" a wurina, a log ɗin sabar kuma na ga wannan: "Authentication refused: bad ownership or modes for directory", sai sunan foldar gidana. Sai na tuna ranar farko da nake ɗora fayiloli aka hana ni rubutu, na yi `chmod 777` a kan foldar gaba ɗaya. Yanzu na mayar da ita 755, na gwada, na shiga ba tare da kalmar sirri ba. Alhamdulillah. Amma me ya haɗa foldar gida da makulli?

Hauwa_Dev:
Madalla. Abin da ya haɗa su: in kowa na iya rubutu a foldar gidanka, to wani mai asusu a sabar zai iya ture foldar .ssh ɗinka gefe ya kafa tasa mai ɗauke da makullinsa, ya shiga da sunanka. Don haka sshd, manhajar SSH da ke karɓar masu shiga a kan sabar, ke duba fayil ɗin authorized_keys, inda makullan fili da aka yarda da su suke, da foldar .ssh da foldar gida, in ta ga wani bayan kai da root zai iya rubutu a ɗayansu sai ta ƙi amincewa. Sunan tsarin StrictModes. Za ka ga masu ba da shawarar a kashe shi don matsalar ta tafi. Kada ka kashe. Sannan ka koma ka duba, in da `-R` ka yi 777 ɗin nan, duk fayilolin ciki ma a buɗe suke.

Bash_Bash:
Na ce izini ne ai, wurin ne dai ban dace ba. Barka.

RedHat_Guy:
Ga wanda zai karanta nan gaba yana kan Fedora ko Rocky ko makamantansu: wani lokaci izini daidai yake amma SELinux, wani ƙarin tsarin tsaro da ke cikinsu, ne ke hanawa, musamman in daga wani wuri ka matso da foldar .ssh. `restorecon -R ~/.ssh` ke gyarawa. Log ɗin ma a can /var/log/secure ne, ko ka duba da journalctl.

Sabon_Shiga22:
Na gode ƙwarai. Yanzu sai in kashe shiga da kalmar sirri ke nan? Don har yanzu masu ƙwanƙwasar nan ba su daina ba.

Ummu_Server:
Ka kashe, amma don Allah ka saurare ni kafin ka taɓa komai. Kada ka rufe tagar da kake ciki. Ka gyara /etc/ssh/sshd_config, ka sa `PasswordAuthentication no` da `KbdInteractiveAuthentication no`, ka yi `sudo sshd -t` ya duba maka ko akwai kuskuren rubutu, ka sake loda sabis ɗin, sannan ka buɗe wata taga daban ka gwada shiga. Sai ka ga ka shiga lafiya za ka rufe ta farkon. Sake loda sshd ba ya yanke wanda ke ciki, don haka tagar farko ita ce igiyar da za ka kama in abu ya lalace.

Abin da ya sa nake nanatawa, ya taɓa faruwa da ni. Na kashe kalmar sirri a sabar wurin aikinmu da daddare na fita, ashe makullin a asusun wani mai amfani daban na saka shi. Da safe ba wanda ya iya shiga. Sai da muka bi ta allon gaggawa na kamfanin da muke haya a wurinsu, wanda ake shiga sabar ta cikinsa ba tare da SSH ba, shi ma sai da aka nemo wanda ke riƙe da asusun, rabin yini ya tafi aiki na tsaye. Tun daga ranar, kafin in taɓa sshd_config sai na tabbatar na san yadda ake shiga ta allon gaggawar nan.

Kb_Network:
Ni shawarata ka canja tashar, wato lambar ƙofar da SSH ke saurare a kai, daga 22 zuwa wata lamba can sama. Log ɗinka zai yi tsit.

Abu_Sadiq_IT:
Zai rage hayaniya, amma ba tsaro ba ne. Mai nemanka da gaske zai bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya ya gano cikin ɗan lokaci.

Kb_Network:
Ban ce tsaro ba ne ɗan'uwa. Amma log mai tsabta yana da amfaninsa. In layi dubu na shara ya cika shi kullum, ranar da abu na gaske ya faru ba za ka lura ba.

MalamTerminal:
Duk ku biyun kuna da hujja. Abin da zan ƙara, in ya canja tasha ya tuna ya buɗe ta a katangar wuta tukuna, in ba haka ba labarin Ummu ne zai maimaitu. Ni dai ga mai koyo na fi son ya bar ta a 22, ya kashe kalmar sirri, ya sa `PermitRootLogin no`. In hayaniyar ta dame shi akwai fail2ban, manhajar da ke toshe adireshin da ya yi ta gwada shiga yana kasawa.

tsohon_RSA:
Tambaya a gefe. Makullina tsohon nau'in nan ne RSA, mai girman 4096, shekaru nake amfani da shi. Kowa yanzu ed25519 yake ambato. Dole ne in canja? Na ma ji an ce an soke RSA.

Dattijo_Unix:
Ba a soke shi ba, maganar ce aka cakuɗa. Abin da OpenSSH 8.8 ta kashe a 2021 shi ne sa hannun RSA da ke dogara da SHA-1, wanda ake kira ssh-rsa. Makullinka na nan daram, yana sa hannu da SHA-2 muddin ɓangarorin biyu sun san shi. Inda ake cin karo da matsala sai tsofaffin na'urori da ba su san sabon salon ba. Wanda aka yi watsi da shi da gaske DSA ne, tun 7.0 a 2015 aka kashe shi. Shi ed25519 ya shigo a 6.5 a 2014, kuma daga 9.5 a 2023 shi ssh-keygen ke ƙirƙira in ba ka zaɓi komai ba. Gajere ne, na filinsa layi ɗaya ne da ba ya wahalar kwafa, ga sauri. In sabo za ka yi, yi shi. In kana da RSA 3072 ko 4096, ba gaggawa.

Abin da ya fi damuna da tsohon makulli ba nau'insa ba ne, tarihinsa ne. Kwamfuta nawa ya kwana a ciki? Wace ka sayar, wace ka kai gyara? A 2008 an gano wani kuskure a OpenSSL na Debian wanda tun 2006 yake sa makullan da aka ƙirƙira a kai su fito daga ɗan ƙaramin rukuni, dubu talatin da 'yan kai ga kowane nau'i da girma, har aka jera su duka. Waɗanda suka san inda makullansu suke sun canja cikin sauƙi. Waɗanda suka baza makulli ɗaya ko'ina ba lissafi su suka sha wuya.

zee_codes:
Wannan ya kawo ni kan tawa. Ina da kwamfutar ofis da ta gida. In kwafi makullin sirrin zuwa ta biyun?

Hauwa_Dev:
A'a. Kowace na'ura ta yi nata, ka ƙara na filinta a authorized_keys, layi ɗaya ga kowanne. Ka sa musu suna da `-C` don ka gane su. Ranar da ɗaya ta ɓata, layinta kawai za ka goge, ɗayar na nan tana shiga. Wannan ma shi ne amsar wanda ke tsoron kulle kansa a waje: makulli biyu a na'urori biyu.

Sai dai in makullanka sun yi yawa a agent za ka fara ganin "Too many authentication failures", saboda ana miƙa su ɗaya bayan ɗaya, sabar kuma a bisa tsarinta na asali gwaji shida take bari. Maganinsa a ~/.ssh/config: ka rubuta `Host` da sunan da kake so, ƙarƙashinsa `HostName`, `User`, `IdentityFile`, da `IdentitiesOnly yes`. Daga nan ma `ssh` da gajeren sunan kawai za ka riƙa rubutawa.

Win_Admin:
Mu 'yan Windows kada a manta da mu. Tun 2018 Windows 10 ke zuwa da OpenSSH, ssh-keygen na aiki a PowerShell, amma babu ssh-copy-id, da hannu za ka liƙa na filin. Ka kula ya zama layi ɗaya, in ya karye gida biyu ba zai yi aiki ba. Masu PuTTY kuma, wata manhajar SSH da ake yawan amfani da ita a Windows, fayil ɗin .ppk salonsa daban, kuma abin da za ka liƙa a sabar shi ne rubutun da ke akwatin sama na PuTTYgen, ba fayil ɗin da maɓallin ajiye makullin fili ke fitarwa ba. In kuma Windows ɗin ce sabar kuma asusunka na masu gudanarwa ne, ba ta duba foldarka, fayil ɗin administrators_authorized_keys take karantawa a cikin ProgramData\ssh.

Sabon_Shiga22:
Jama'a wani abin mamaki. Na bi matakan Anti Ummu tsaf, na sa `PasswordAuthentication no`, na sake loda. Don in tabbatar sai na gwada da `ssh -o PubkeyAuthentication=no`, sai ga shi an tambaye ni kalmar sirri, na sa, na shiga! Ke nan ba ta mutu ba.

Ummu_Server:
Allah Ya yi maka albarka da ka gwada, da yawa ba sa yi, suna zaune suna zaton ƙofa a rufe take. Duba saman sshd_config, za ka ga layin `Include /etc/ssh/sshd_config.d/*.conf`. A tsarin sshd, ƙimar da aka fara karantawa ita ke aiki, ba ta ƙarshe ba. Tunda layin na sama, duk abin da ke cikin foldar nan ya riga naka. A sabar haya mai Ubuntu sau da yawa akwai 50-cloud-init.conf a ciki da ke cewa yes. Gyara shi, ko ka yi naka fayil mai lambar da ta gabace shi, kamar 01. Sannan `sudo sshd -T | grep -i passwordauth` zai nuna maka abin da ke aiki a zahiri.

Sabon_Shiga22:
Shi ne kuwa! Na gyara, yanzu "Permission denied (publickey)" yake cewa in na hana makullin. Masu ƙwanƙwasa na nan a log amma tun a bakin ƙofa ake sallamarsu.

Kb_Network:
Saura abu ɗaya da ba wanda ya taɓo. Ranar farko da ka haɗu da sabar an nuna maka zanen yatsanta, wato gajeren rubutun da ke shaida makullinta, an ce ka amince, na tabbata yes ka rubuta ba ka duba ba, kamar yadda yawancinmu muke yi. Ita ma sabar tana da makullinta, kwamfutarka na ajiye shi a known_hosts. In wata rana ka ga gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa ya canja, kada ka yi saurin `ssh-keygen -R`. Ka tambayi kanka ko ka sake girka sabar. In ba ka yi ba, ka bi ta allon gaggawa ka duba da `ssh-keygen -lf` a kan fayil ɗin makullin fili da ke /etc/ssh, ka kwatanta.

Abu_Sadiq_IT:
Ni fa har yanzu ina kan bakana. Makulli a fayil, ko da kalma a kai, in muguwar manhaja ta shiga kwamfutarka za ta kwafe fayil ɗin ta kuma naɗe kalmar lokacin da kake bugawa. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne makullin ƙarfe da ake sokawa a USB. Tun 8.2 a 2020 OpenSSH ta karɓi `ed25519-sk`, sirrin na cikin na'urar, kuma sai ka taɓa ta da yatsa kafin a shiga.

Hauwa_Dev:
Yana da kyau ga mai riƙe da sabar jama'a, amma sai ka mallaki biyu, don in ɗaya ya ɓata kana waje. Ga mai sabar koyo guda ɗaya, makulli mai kalma da agent ya wadatar a ganina. Abin da na fi so ya kiyaye yanzu shi ne `ForwardAgent`, tsarin da ke ba sabar da ka shiga damar amfani da agent ɗin kwamfutarka. Kada ya kunna shi zuwa sabar da bai yarda da ita ba, domin mai root a can zai iya aron agent ɗinsa ya shiga wasu wuraren da sunansa muddin yana haɗe. In ta wata sabar zai bi ya kai ga wata, `ssh -J` ya fi.

Abu_Sadiq_IT:
A kan ForwardAgent muna tare. A kan "ya wadatar" ne ban sauka ba, sabar koyo ma in an kama ta da ita ake kai wa wasu hari.

zee_codes:
To ni aikin da ke kwafe bayanai da kansa ƙarfe biyun dare fa? Ba mai buga kalma, ba mai taɓa ƙarfe a lokacin.

MalamTerminal:
Wannan sai makulli marar kalma, amma ka yi masa nasa na daban ka ɗaure shi. A farkon layinsa cikin authorized_keys ka sa `restrict`, da `from=` mai adireshin na'urar da ke kwafar, da `command=` mai umarni ɗayan da aka yarda ya yi. Ko an sace shi, daga wani adireshin ba zai shiga ba, in ma ya shiga umarnin nan kaɗai zai gudana. Da rsync kake kwafar ko da wani abu? Don yadda ake rubuta `command=` ɗin ya danganta da shi.

Sabon_Shiga22:
Ina bin ku duka ina rubutawa. Na ɗora wa makullina kalma da `ssh-keygen -p`, na yi na biyu a tsohuwar kwamfutata na ƙara layinsa. Tashar na bar ta a 22 tukuna. Malam Kb, na bi ta allon gaggawa na duba zanen yatsan, ya yi daidai da wanda ke known_hosts ɗina.